Daga Rawar Rumawa Zuwa Shingen Melilla: Tafiyar Kalmar "Saltar"

Duk wanda ya zauna a bencin lakwal a Dogon Dutsi ko Tibiri ya san kalmar Faransanci sauter, wato yin tsalle. Mushe, malaminmu, ya sa mu rera ta a gaban allo har ta zauna. Tana da 'yar'uwa a Sifaniyanci, saltar, kuma uwarsu ɗaya ce, kalmar Latin saltare.

A bakin Rumawa, saltare rawa take nufi. Ta tsiro ne daga salire, yin tsalle guda. Idan tsallen ya yi ta maimaituwa sai ya zama rawa. A birnin Rum har akwai wasu masu hidimar gunkin yaƙi Mars da ake kira Salii, masu zaga gari a watan Maris suna tsalle-tsalle da garkuwa a hannu. Ba'are, mutumin Arewa ta Dogon Dutsi, ba zai yi mamaki ba, don ya ga yadda ɗan bori ke tashi sama ya dira idan goge ya yi zafi. Da Latin ya rarrabu ya haifi harsunan Faransa da Italiya da Sifen, sai Sifaniyawa suka miƙa rawa ga kalmar bailar, suka bar wa saltar tsalle zalla. A 1492 Antonio de Nebrija ya buga nahawun Sifaniyanci na farko, shekarar da Kolumbus ya ƙetare teku, kuma kalmar ta bi jiragen. Shi ya sa a Benezuwela ake kiran ruwan da ya fi kowane zubowa daga wuri mai tsayi a duniya Salto Ángel, mai mita 979.

Wajen sarrafawa kuwa, ba ta da gardama. Salto, ina tsalle, saltas, kana tsalle, salta, yana tsalle, saltamos, muna, saltáis, kuna, saltan, suna. Mu da Hausa muna sa "na, ka, ya" a gaba mu bar aikatau yadda yake, su kuwa a wutsiyar kalma suke nuna mai aikin. Inda ya fi burge ni shi ne nauyin murya: salto, da ƙarfi a gaɓar farko, "ina tsalle" ne, amma saltó, da ƙarfi a ƙarshe, "ya yi tsalle". Kunnen da ya saba bambance farin zane da farin da ke ƙone gero ba zai sha wuya a nan ba. Idan aka liƙa mata se ta zama saltarse, sai ta yi daidai da "tsallake" namu: a tsallake shafi, a tsallake abincin rana, a tsallake doka.

Sabuwar ma'anarta ce ta iso mana. Sifen na da garuruwa biyu a gaɓar Maroko, Ceuta da Melilla, iyakar ƙasa kaɗai tsakanin Tarayyar Turai da nahiyar Afirka. A shekarun 1990 aka kewaye su da shingen waya, daga nan jaridun Sifen suka kama cewa saltar la valla, tsallake shinge. A ƙarshen Satumba da farkon Oktoban 2005, ɗaruruwan 'yan Afirka suka tunkari shingen da tsani na icce da suka ɗaure a daji. Fiye da mutum 10 suka rasu, aka kuma ɗaga tsawonsa daga mita 3 zuwa 6. Ran 24 ga Yunin 2022, kusan mutum 2,000, akasarinsu 'yan Sudan, suka gwada a Melilla. Hukumomin Maroko sun ce 23 suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ce sun fi haka.

Da yawa cikin waɗanda suka taɓa wannan waya ta ƙofar gidanmu suka wuce. Babbar hanyar da ta fito daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutsi kafin ta kai Birnin Ƙonni, inda ake karkata zuwa Tawa da Agadas. Mun sayar musu da ruwa da tsire a tasha, samari daga Gini da Gambiya da Senegal, kowa da 'yar jakarsa a kafaɗa. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 kan safarar baƙin haure ta rage zirga-zirgar a fili, ta tura direbobi hanyoyin sahara da babu rijiya. A Nuwamban 2023 aka soke ta.

Samarin Arewa sun fi sanin bidar Najeriya da Benin da Libiya, amma wayar salula ta kawo musu hotunan masu ihun "boza", wato murnar tsallakewa, a ƙetaren shinge, ba ta kuwa nuna hannuwan da ƙarfe ya yayyage. Ni ina son yaranmu su koyi Sifaniyanci, harshen da mutum kusan miliyan 500 suka sha a nono, su karanta likitanci da noma da shi. Ya kai ƙanena da ke zaune a tashar Dogon Dutsi kana ƙirga motocin Agadas, ka nemi littafin nahawu da fasfo, ka shiga ƙasar mutane ta ƙofa.