Matasan Likitocin Ƙasar Yauri da Matakalar Shugabanci a Ƙungiyoyin Likitoci

Gabatarwa

Likitan Nijeriya da bai kammala neman ƙwarewa ba yana da ƙungiya tasa ta kansa, wato NARD, wadda ke sauya shugabanni duk shekara, kuma in ta yi gyaran murya gwamnati takan saurara. Yana kuma cikin uwar ƙungiya, NMA, wadda ta haɗa likitocin ƙasar baki ɗaya. A takarda ke nan, ƙofar shugabanci a buɗe take ga kowane matashin likita. Wannan maƙala tana jayayya da cewa ƙofar a buɗe take ga kowa. An kafa matakalar ne a harabar manyan asibitocin koyarwa, don haka likitan da aka tura Yelwa ko Wara ko Shanga, a ƙasar Yauri ta jihar Kebbi, duk da shi ne ya fi ɗaukar nauyin jagoranci tun yana ɗanye, shi ne ya fi nisa da kujerar da ake yanke shawara. Asarar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ƙungiyoyin ma suna tafka ta, haka mutanen bakin tafkin Kainji.

Yadda matakalar take

NMA ta faro ne a 1951 a matsayin reshen ƙungiyar likitocin Birtaniya, ta tsaya da ƙafarta a 1960. Tun daga nan siyasar likitoci ba ta taɓa zama wasan yara ba. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta haramta NMA da NARD saboda yajin aiki, ta kuma tsare wasu jagorori, cikinsu har da Dokta Beko Ransome-Kuti. Shekaru 36 bayan haka, a ranar 2 ga Agusta 2021, NARD ta tsunduma yajin aikin da ya kai farkon Oktoba. Gwamnati ta ce ba aiki ba albashi, ta kai ƙara kotun ma'aikata, kuma ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, shi kansa likita ne. Waɗanda suka zauna gaba da gaba da shi matasa ne da ba su zama manyan likitoci ba tukuna. A ƙarshen shekarar aka ƙara alawus na haɗarin aiki, wanda ya daɗe a kan naira 5,000 a wata.

Wanda ya bi ta wannan hanya yana fita da ilimin da ba a koyarwa a ajin tiyata. Ya iya tsara ajanda da rubuta takardar bayan taro, ya san yadda ake karanta takardar albashi da kasafin kuɗi, ya san lokacin da ake tsayawa kai da fata da lokacin da ake sassautawa. Wa'adin shekara guda yana sa kujera ta riƙa zagayawa: Aliyu Sokomba, Uyilawa Okhuaihesuyi, Godiya Ishaya, Emeka Orji, Dele Abdullahi, kowannensu ya riƙe NARD ya miƙa. Matakalar kuma tana da tsawo. Dokta Osahon Enabulele ya shugabanci NMA daga 2012 zuwa 2014, sannan ya riƙe ƙungiyar likitoci ta duniya daga 2022 zuwa 2023. Mutanen Kebbi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan inda ƙungiyar sana'a ke iya kai mutum, domin Gwamna Nasir Idris shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne kafin ya shiga gidan gwamnati a 2023.

To amma daga ina ake fara hawa? Daga reshe. Rassan NARD kuwa sun ginu ne a inda ake horar da likitoci: asibitocin koyarwa, cibiyoyin lafiya na tarayya, da manyan asibitocin wasu jihohi. A wannan yanki ana maganar asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da asibitin tarayya na Birnin Kebbi. Reshen NMA na jiha shi ma a babban birni yake zama. Wanda ke aiki a harabar yana iya fitowa daga ɗakin marasa lafiya ya shiga taro da yamma. Wanda ke kudancin jihar sai ya kwana da shirin tafiyar sa'o'i a kan hanyar Koko da Jega, ya kuma samo wanda zai riƙe masa asibiti.

Ƙasar da ruwa ke mulki

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yauri, Ngaski mai hedikwata a Wara, da Shanga. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da ƙauyuka, aka sake wa dubban mutane matsuguni. Gungawa da Kambari da Shangawa da Sarkawa masunta da Hausawa da Fulani suna zaune ne a yankin da kwale-kwale ke matsayin mota. Wannan yanayi ne ke tsara cututtukan da likita zai gani. Yaron da ke wanka da kamun kifi a gaɓar tafki yana fitsarin jini, kuma iyaye da yawa sun saba da tsargiya har ba sa ɗaukar ta ciwo. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadi mafi yawa a ƙasar. Shi ya sa Kebbi ta kasance cikin jihohi biyun da aka fara rigakafin zazzaɓin a Disamba 2024, ita da Bayelsa.

Ruwan yana kuma cin mutane. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira. Bayan makonni uku, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka afka wa kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. A irin waɗannan ranaku, asibitin da ya fi kusa ne ke karɓar gawa da mai rauni da dangi masu kuka, tun kafin tawaga ta iso daga babban birni.

Shugabancin da ba a kiran sunansa

A duba ranar aikin matashin likita a babban asibitin karkara irin na wannan yanki. Sau da yawa bai wuce shekara biyu ko uku da gama aikin sanin makamar aiki ba, wani ma yana cikin yi wa ƙasa hidima. Da tsakar dare aka kawo mai naƙuda daga wani gungu, ta kwana biyu haihuwa ta gagara, an ɗauko ta a jirgi sannan a kan babur. Babu babban likita da zai kira. Shi zai yanke hukuncin a yi tiyata nan take ko a tura ta gaba, shi zai tabbatar akwai mai a janareta, shi zai shawo kan 'yan uwan miji su ba da jini. In mijin Bagunge ne ko Bakambare da Hausarsa ba ta nuna ba, sai ya nemo ma'aikaciyar jinya ko mai shara da ta iya harshen. Da safe kuma shi ne zai sasanta rikicin jadawalin aiki tsakanin ma'aikata da suka girme shi da shekara ashirin, ya karɓi saƙon hakimi, ya rubuta rahoton ɓarkewar amai da gudawa.

Takwaransa a asibitin koyarwa yana da manya uku ko huɗu a samansa, kuma hakan daidai ne ga mai koyo. Sai dai sakamakon shi ne wanda aka fi gwadawa a jagorancin mutane da dabarar aiki da ƙarancin kaya ba shi da inda zai kai wannan gogewa. Ba ta shiga takardar neman ƙarin girma, ba ta shiga ajandar ƙungiya. Masunta ba sa koya wa yaro tuƙin jirgi a tudu, amma ƙungiyoyin likitoci suna zaɓen matuƙansu daga cikin waɗanda ba su cika shiga ruwa mai zurfi su kaɗai ba.

Wannan yana bayyana a irin buƙatun da ake kaiwa gaban gwamnati. Dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 da asusun da ta haifar, bashin albashi, gurbin masu sanin makamar aiki, maye gurbin waɗanda suka fice: duk buƙatu ne na gaskiya, kuma an sha wuya kafin a samu wasunsu. Amma kusan dukkansu damuwar ma'aikacin cibiyar tarayya ce. Tazarar albashi tsakanin likitan jiha da na tarayya, gidan kwana da tsaro a garin da ke kusa da daji, jirgin ɗaukar marasa lafiya, ma'ajiyar jini mai wutar sola, damar tafiya karatu ba tare da ajiye aiki ba, waɗannan sukan zo a ƙarshen takarda in ma sun shiga. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce a 2024 ƙasar na da likitoci kimanin 55,000, kuma ta rasa 15,000 zuwa 16,000 cikin shekaru biyar. Ana yawan maganar masu tafiya Ingila da Saudiyya. Ba a cika maganar hijirar cikin gida ba, wadda ke kwashe likita daga Wara zuwa Birnin Kebbi, daga nan zuwa Sakkwato ko Abuja. Wanda ya fi sanin abin da zai tsayar da ita ba ya cikin ɗakin taron.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa NARD ƙungiyar masu neman ƙwarewa ce, kuma likitan babban asibitin jiha yana da tasa, wato ƙungiyar likitocin gwamnati NAGGMDP, ga kuma NMA. Haka ne. Amma matashin da ke Yauri yau shi ne zai rubuta jarrabawar farko ta kwalejin ƙwarewa ta ƙasa da ke Ijanikin, ko ta Afirka ta Yamma, ya shiga horo gobe. Mai koyo ne da bai samu gurbi ba tukuna. Raba shi da 'yan uwansa saboda sunan asibitin da ke biyansa albashi tsari ne na ofis, bai dace da yadda rayuwar likita ke tafiya ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Likitocin yankin ba su da yawa, kuma duk wanda ya tafi taro ya bar marasa lafiya. Ba za a yi wasa da wannan ba. Amma in aka bi hujjar zuwa ƙarshenta, ma'anarta ita ce inda aka fi ƙarancin likita nan ne za a fi rasa murya, rashin muryar kuma ya ƙara ƙarancin. Tun annobar korona a 2020 ƙungiyoyi suka saba da taro ta intanet. Abin da ya rage shi ne kundin tsarin reshe ya amince da halarta da ƙuri'ar wanda ke nesa.

Ta uku ita ce siyasar ƙungiya tana shagaltar da mai koyo, har wasu su mai da ita sana'a. Wannan yana faruwa. Maganinsa wa'adi gajere da aiki ƙayyadadde, kuma NARD ta riga ta nuna cewa hakan na yiwuwa.

Abin da za a iya yi

Gyaran ba ya buƙatar dokar majalisa. Na farko, reshen NMA na Kebbi zai iya ware kujera a majalisar zartarwarsa ga likitan da bai wuce 'yan shekaru da fara aiki ba kuma yana zaune a wajen babban birni, ta riƙa zagayawa tsakanin masarautun Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru. Ƙungiyar likitoci ta duniya ta buɗe wa ƙananan likitoci irin wannan zaure tun 2010. Na biyu, kujerar ta zo da aiki a hannu: rahoton shekara kan mace-macen masu haihuwa da haɗurran ruwa da tsargiya a ƙananan hukumomin uku, wanda za a karanta a babban taro a kuma miƙa wa ma'aikatar lafiya. Na uku, masu neman ƙwarewa a fannin lafiyar al'umma da na likitancin iyali, waɗanda dama horonsu ya ƙunshi zaman karkara, a riƙa turo su asibitocin bakin tafki da kulawar manyansu, reshen NARD kuma ya ɗauki wannan zama a matsayin abin da ake dubawa wajen tsayawa takara. Na huɗu, a riƙa kawo taron reshe Yelwa lokaci zuwa lokaci. Garin yana da sarki masani, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma zama da fada da sarakunan ruwa da shugabannin masu jirage zai koya wa matasan likitoci cewa rigar kariya daga nutsewa da hana lodin da ya wuce ƙima su ma aikin lafiya ne.

Kammalawa

NARD da NMA sun tabbatar cewa matashin likita yana iya jagoranci, kuma sun horar da mutanen da suka iya fuskantar minista. Abin da ba su yi ba shi ne faɗaɗa wurin da suke ɗebo waɗannan mutane. Muddin hanyar shugabanci ta tsaya a harabar asibitin koyarwa, buƙatun ƙungiya za su ci gaba da kama da harabar, likitan karkara kuma zai ci gaba da ganin cewa ci gabansa yana cikin barin garin. Reshen Kebbi yana da ikon gwada akasin haka a babban taronsa na gaba, da kudiri guda da kujera guda. In bayan wa'adi biyu ko uku aka ga buƙatun Yauri da Ngaski da Shanga sun fara shiga takardar bayan taro, sauran jihohi masu irin wannan nisa za su sami abin koyi.