Jini da ƙwayoyinsa: abin da likita ke nufi idan ya ce "ba shi da jini"

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Babban Asibitin Kontagora da damina ya ji wannan magana: "Yaron ba shi da jini, sai an ƙara masa." Iyaye kan taso daga Rijau, Mariga, Magama ko Mashegu da yaro a saɓe, tafin hannunsa ya yi fari, numfashinsa sama-sama, a ɗebi ɗigon jini a yatsansa, a dawo musu da wannan amsa. Da yawa kan ɗauka jinin ne ya ƙafe kamar rijiya a bazara. Ruwan jinin yana nan. Abin da ya ragu shi ne wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a cikinsa.

Tubalin da aka gina jiki da shi

Jikin ɗan Adam gini ne na ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Baturen Ingila Robert Hooke ne ya fara bayyana su a 1665, bayan ya duba siririn yankin ɓawon itace ya ga ƙananan ɗakuna jere. A 1674 wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kwatanta jajayen ƙwayoyin jini da madubin da ya ƙera da hannunsa. Sai a 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka tabbatar da cewa tsirrai da dabbobi duka daga irin wannan tubali aka gina su.

Kowace ƙwaya tana da tantanin da ya kewaye ta, wanda ke tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. A ciki akwai ruwa mai kauri inda ake sarrafa abinci ya zama ƙarfi, sannan akwai cibiya, inda aka adana bayanan gado da mutum ya karɓo rabi daga uwa, rabi daga uba. Ƙiyasin masana na 2016 ya nuna cewa babban mutum yana da ƙwayoyi kimanin tiriliyan 30.

Ƙwayoyi masu aiki iri ɗaya kan haɗu su zama saƙa guda, kamar yadda zare ke haɗuwa ya zama ƙyalle. Saƙar jiki iri huɗu ce: mai rufewa, kamar fata da shimfiɗar cikin hanji; tsoka; jijiyoyin saƙo da ƙwaƙwalwa; sai mai haɗawa da tallafawa, kamar ƙashi, guringuntsi da kitse. A wannan rukuni na ƙarshe masana suka sanya jini, duk da kasancewarsa ruwa.

Jar ƙwaya da kayan da take ɗauka

Babban mutum yana da jini kusan lita 5. Fiye da rabinsa ruwa ne mai launin rawaya-rawaya, wanda ke ɗauke da gishiri, sukari da furotin. Sauran ƙwayoyi ne iri uku: farare masu yaƙi da cuta, ƙananan gutsattsari masu daskarar da jini idan an ji rauni, da jajaye, waɗanda suka fi kowa yawa. Daga tiriliyan 30 ɗin nan, kimanin 25 jajayen ƙwayoyin jini ne. Wato idan ƙidaya za a bi, a cikin kowane biyar na ƙwayoyin jikin mutum fiye da huɗu su ne.

Siffar jar ƙwaya kamar faifai ce mai loɓawa a tsakiya ta fuskoki biyu. Sai an jera kusan 130 kafin su cika milimita ɗaya. Tana da laushi ƙwarai, domin akwai hanyoyin jini da suka fi ta ƙanƙanta, dole ta naɗe kafin ta wuce. Kafin ta fito daga ɓargo, inda ake yin ta, takan zubar da cibiyarta don ta sami wurin kaya. Saboda haka ba ta iya gyara kanta, ba ta kuma haihuwa. Kwanaki kimanin 120 take yi tana zagaye, sannan saifa da hanta su cire ta. Don cike gurbi, ɓargo yana fitar da sabbi sama da miliyan biyu a kowace daƙiƙa, kuma ƙoda ce ke aika masa sinadarin da ke umartarsa ya ƙara himma idan iska ta yi ƙaranci a jiki. Shi ya sa mai ciwon ƙoda da ya daɗe yakan yi fama da ƙarancin jini.

Kayan da jar ƙwaya ke ɗauka shi ne himogulobin, wani furotin da kowace ƙwaya ke da kimanin miliyan 270 nasa. Kowane guda yana da sarƙoƙi huɗu, a kowace sarƙa akwai ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfe. Wannan ƙarfe ne ke kama iskar oksijin a huhu ya sake ta a tsoka da ƙwaƙwalwa, kuma shi ne silar jan launin jini. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, nauyin ƙusa guda ke nan, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasa yana cikin jini. Jiki ba ya wasa da shi: idan ƙwaya ta mutu, ana cire ƙarfen a mayar ɓargo, ragowar kuma ta zama wani launi rawaya da hanta ke zubarwa a maɗaciya. Idan ƙwayoyi suka yi ta fashewa fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa, launin ya taru, idanu su yi rawaya. Ɗaya daga cikin hanyoyin kamuwa da shawara ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar namiji a matsayin mai ƙarancin jini idan himogulobin ɗinsa ya gaza giram 13 a kowane kashi ɗaya cikin goma na lita, mace 12, mai juna biyu 11. A asibitocinmu an fi jin gwajin PCV, wanda ke auna kason da jajayen ƙwayoyi suka cike a cikin jinin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano ƙarancin jini a kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 58 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49.

Abubuwan da ke cinye shi

Na farko rashin ƙarfe a abinci. Tuwon dawa ko masara yana cika ciki, amma ƙarfen da ke cikin hatsi hanji ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama, hanta da kifi. Wake, zogale da alayyafo suna taimakawa, musamman idan an haɗa da lemo, gwaiba ko tumatir, yayin da shan shayi a kan abinci ke rage abin da jiki zai samu. Mace mai ciki tana buƙatar ƙarin kusan giram ɗaya na ƙarfe kafin ta haihu, dalilin ba da jajayen ƙwayoyin magani a wurin awo ke nan. A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa marar lafiya da sunan ƙarin jini: sukari ne da kitse, suna iya ba da kuzari, amma madara ba ta da ƙarfen kirki. Jan launin zoɓo ma na fure ne, ba shi da dangantaka da himogulobin.

Na biyu zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar takan fara sauka a hanta, sannan ta shiga cikin jar ƙwaya ta ci himogulobin, ta hayayyafa, bayan kimanin sa'o'i 48 ta fasa ta, 'ya'yanta su shiga wasu. Saifa kuma takan kwashe har da ƙwayoyin da ba su kamu ba. Ta haka yaro kan yi fari fat cikin 'yan kwanaki. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya. Tsutsar ciki da tsargiya, wadda yara ke ɗauka a wankan rafi da kududdufi, su ma suna zubar da jini kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma dalma. Idan ta shiga jiki takan toshe sinadaran da ke ɗaura ƙarfe a himogulobin, ta kuma lalata ƙwaƙwalwar yara. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a Jihar Zamfara. A 2015 irin haka ta faru a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, gabas da Kontagora, inda hukumomi suka sanar da mutuwar yara 28.

Amosanin jini

Ɗaya daga cikin nau'o'in sarƙar himogulobin tana da ƙulli 146. A masu amosanin jini, wato sikila, ƙulli na shida kaɗai ya sauya. Wannan sauyi guda ya isa ya sa himogulobin ya manne da juna ya zama sanduna duk lokacin da ya saki iskarsa, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri. Irin wannan ƙwaya ba ta iya naɗewa, sai ta toshe ƙananan hanyoyi, naman da ke gaba ya rasa iska, ciwo mai tsanani ya tashi a ƙashi, ƙirji ko ciki. Kuma kwana 10 zuwa 20 kawai take yi a maimakon 120, ɓargo ya kasa cim mata. Sanyi, zazzaɓi da ƙarancin ruwa a jiki ne suka fi tayar da ciwon. Jariri ba ya nuna alama da wuri saboda himogulobin ɗin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi. Wajen wata shida ne akan fara ganin kumburin hannu da ƙafa.

Likita James Herrick ne ya fara rubuta bayanin cutar a Shikago ta Amurka a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, a 1954 kuma Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai ɗauke da rabin gadon, wato AS, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Wannan ne ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen sauro. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce kusan kashi 24 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ɗauke da shi, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A lura, kowane ciki da lissafinsa. Kuskure ne a ce tunda na fari ya zo da cutar, ukun da za su biyo sun tsira. Ana iya samun huɗu a jere duk SS, ana iya samun shida babu ko ɗaya. Akwai kuma nau'in C, wanda idan ya haɗu da S yake ba da SC, ita ma cuta ce. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da wannan gwaji. A ra'ayin mai wannan rubutu, lokacin da ya fi dacewa da shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa ne, domin takardar da ta fito ana saura mako guda ɗaurin aure ba kasafai take hana komai ba. Waɗanda aka riga aka haifa da cutar kuwa, rigakafi, maganin kariya daga zazzaɓi, yawan shan ruwa da maganin haidiroksiyuriya bisa kulawar likita suna rage tashin ciwon ƙwarai.

Rukunin jini daban ne

Mutane da dama kan rikita AA, AS da SS da rukunin jini na A, B, AB da O. Na farko yana magana ne a kan himogulobin da ke cikin ƙwaya. Na biyu, wanda Karl Landsteiner ya gano a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1901, alamomi ne da ke bayan tantaninta, kuma su ake dubawa kafin ƙarin jini, don idan aka sa wa mutum wanda bai dace da nasa ba jikinsa zai farfasa baƙin ƙwayoyin. Mai rukunin A yana iya zama SS, mai rukunin O yana iya zama AS.

Har yau babu masana'antar da ke ƙera jar ƙwaya don ƙarin jini. Daga jikin wani ake samun ta. Leda guda da ake ɗiba kimanin mililita 450 ce, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na jinin babban mutum. Ruwan yakan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni, kuma lafiyayyen namiji yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Ledar da aka ajiye a firji ba ta wuce kwana 35 zuwa 42, shi ya sa ma'ajiyar jini take buƙatar masu bayarwa a kai a kai, tun kafin ranar da za a kawo mai naƙuda tana zubar da jini da tsakar dare.