Asalin Tsohon Garin Idanre

A ƙasar Yarabawa, kudu da Akure cikin Jihar Ondo, akwai waɗansu duwatsu maka-maka da suka yi da'ira a tsakiyar kurmi. Can bisansu, a wani fili da ba a hangensa daga ƙasa, nan mutanen Idanre suka yi zamansu shekaru aru-aru.

Dattawan garin sun ce kakansu wani basarake ne mai suna Olofin, daga gidan Oduduwa na Ile-Ife. Da Oduduwa ya kau, sai rigimar gado ta tashi. Olofin ya ɗauki hular sarautar gidan, ya tara jama'arsa, ya faɗa kurmi. Mutanen Ife kuwa suka ce ba su san zancen ba, suka bi sawu. Haka aka yi ta tafiya, yau a sauka nan, gobe a ji ƙishin-ƙishin mayaƙa na tafe, a naɗe kaya a ƙara gaba, har suka iso wani wuri da ake kira Utaja a gindin duwatsun. A nan kwanan Olofin ya ƙare.

Wanda ya gaje shi, Agboogun, shi ne ya dubi duwatsun nan ya ce a hau. Tsofaffi da masu goyo da masu ɗauke da tukwane suka yi ta rarrafe a jikin dutse mai santsi. Da suka kai, sai ga fili, ga ƙorama mai suna Arun, ga hanyar da 'yan mutane kaɗan za su iya tsare ta ko da runduna ce ta zo. Madalla da idon da ya zaɓi wannan wuri! Har yau ana nuna wani sawu a kan dutse da ake cewa na Agboogun ne. Wai kowa ya sa ƙafarsa sai ta zauna daidai, in ban da maye. Dutsen da ya fi tsawo kuwa sunansa Orosun, kuma duk shekara ana yi masa biki.

Masu ba da labarin sun saɓa. Waɗansu sun ce Olofin ƙanen Oduduwa ne, waɗansu sun ce ɗansa ne. Akwai ma masu cewa sace hular ya yi. Ni dai a ganina yana da haƙƙi a gidan, don da wuya jama'a su bar gonakinsu su bi ɓarawo cikin kurmi, su kuma riƙa kiran sabon mazauninsu Ife ta kan tudu. Game da daɗewarsu a can, ana cewa shekara 800, ana cewa kusan 1,000. Na farkon ya fi kwanta mini.

Da yaƙe-yaƙe suka lafa, noman koko ya kankama, sai mutane suka fara sauka a shekarun 1920, suka kafa garuruwan Alade da Odode. Abin takaici, gidajen kakanni suka zama kango. Fadar Owa, wato sarkinsu, da tsohuwar kotu da makarantar da aka gina a 1896 suna nan tsaye, kuma a 2007 wurin ya shiga jerin wuraren tarihi da Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO. Mai son ganinsu sai ya shirya hawan matakala fiye da 600.