Horon ƙwaƙwalwa

Horon ƙwaƙwalwa (suna, namiji): hanyar jinya da ake nuna wa mutum motsin lantarkin ƙwaƙwalwarsa nan take, domin ya koyi kwantar da hankalinsa da kansa. Masu fargaba da yawan damuwa da rashin barci na cikin masu nemansa.

Ana manna wa mutum 'yan wayoyi a fatar kai, a haɗa su da kwamfuta. Wayoyin ba sa tura komai cikin kai, sauraro kawai suke yi. Sai a kunna masa fim: in ya natsu hoton ya fito tas, in tunani ya fara kai-komo hoton ya dushe, sauti ya yi ƙasa. Haka za a yi ta maimaitawa har tsawon makonni.

Likitan Jamus Hans Berger ne ya fara ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa a jikin ɗan Adam a 1924. A shekarun 1960, Joe Kamiya ya nuna a Amurka cewa mutum na iya koyon ƙara igiyar alfa, mai kaɗawa sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, wadda ke ƙaruwa in an rufe ido ana hutawa. Barry Sterman kuwa da kyanwoyi ya fara, kafin ya koma kan masu farfaɗiya.

Horon yana da tsada, kuma mai fargaba mai tsanani bai kamata ya bar likita saboda shi ba. A wasu gwaje-gwaje, waɗanda aka yi wa horon bogi sun samu sauƙi kusan daidai da waɗanda aka yi wa na gaske.