Inna da Gonarta: Wani Yanki na Tarihin Sakkwato

Duk wanda ya yi karatu a wannan jami'a ya san jerin tarihin Sakkwato kamar tafin hannunsa. Muhammadu Bello ya kafa garin a 1809, Shehu Usmanu ya rasu a 1817, Nasara suka ci garin a Giginya cikin 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira har ya yi shahada a Burmi. Wannan duka gaskiya ne, kuma wajibi ne mu sani. Amma fa tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe ne. Ina tarihin waɗanda suka daka furar da mayaƙan suka sha? Abin da nake nufi da wannan 'yar maƙala shi ne in ɗauki rayuwar mace ɗaya, watau mahaifiyata, wadda muke kira Inna, in auna ta da abubuwan da suka faru a zamaninta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Inna ba ta ƙidaya shekarunta da lambobi. In an tambaye ta, sai ta ce an haife ta shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar. Mu da muka shiga boko muka gane 1938 ke nan. Watau ta ga sarautar Abubakar na Uku ta shekara hamsin, ta ga ta Ibrahim Dasuki daga 1988, da ta Muhammadu Maccido daga 1996, ta kuma riski ta Sa'ad Abubakar wadda ta soma a 2006. An haife ta a Lardin Sakkwato, ta yi reno a Jihar Arewa maso Yamma wadda aka ƙirƙiro a 1967, ta tsufa a Jihar Sakkwato ta 1976, alhali kuwa ba ta taɓa barin unguwarsu ba sai da ta tafi aikin Hajji.

Kalandarta ta biyu ita ce yunwa. Tana ƙarama aka yi wadda ake kira 'Yar Gusau, wajen 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da mutane suka riƙa takawa zuwa Gusau neman hatsi, don can jirgin ƙasa yake zuwa. Tana amarya aka yi ta Muda a farkon shekarun 1950. Da girmanta kuma ta ga farin 1973, wanda ya kashe dabbobi ya koro Buzaye da sauran mutanen Nijar zuwa ƙofofin garin nan, sannan na 1984. Wanda ya ga waɗannan bai kallon rumbu yadda ni da kai muke kallonsa. Shi ya sa har ta bar duniya ba ta yarda a taɓa hatsin bana sai na bara ya ƙare.

To, yaya mace mai kulle ta zama manomiya? Nan ne ya kamata ɗalibin tarihi ya buɗe kunne. Shari'a ta bai wa ɗiya mace rabin kason namiji a gado, kuma abin da ta gada nata ne, miji bai da iko da shi. Inna ta gaji 'yar gonar tudu da wani yanki na fadama a gefen gulbin Rima, ta wajen Dundaye. Ba ta fita ba, amma ita ke cewa a shuka kaza a wuri kaza. Tudu gero da wake, fadama shinkafa da damina, albasa da tafarnuwa da rani. 'Yan ƙodago take biya da kuɗin sana'arta ta cikin gida, watau fura da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da kaɗin zare kafin yadin kanti ya kashe kasuwarsa. Kuɗin kuma ba ajiye su take yi ba. Ta zuba adashi, in ta kwashe ta sayi jar akuya, irin wadda fatarta ta kai sunan Sakkwato har Turai ta hannun fataken Maroko. Akuya ta haihu, a sayar, a sayi taki ko a biya kuɗin noma. Da aka sauya kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, ta daɗe tana lissafi da sule, amma ban taɓa jin an cuce ta ko da sisi ba.

Akwai kuma lokacin da gidan kaf a wuyanta yake. Ƙasar Sakkwato ta shahara da cin rani. Da an gama girbi maza kan bazama Kurmi ko Gwanja, ba a ganinsu sai hadari ya taso. Mahaifinmu ma ya yi shekaru yana wannan tafiya. Wata biyar ko shida, wa ke ciyar da gida? Rahotannin Turawan mulki sun ƙidaya mazan da suka tafi, amma ba su cika ƙidaya matan da suka riƙe gidajen ba.

Gwamnatoci sun zo da shirye-shiryensu. An yi na ciyar da ƙasa a 1976 zamanin Janar Obasanjo, an yi na bunƙasa noma zamanin Shugaba Shehu Shagari. An gama madatsar Bakolori a 1978, inda rikicin biyan diyya ya ci rayukan manoma a 1980, daga baya aka gina ta Goronyo a kan Rima. Inna ba ta karanta jarida ba, amma ta lura cewa ruwan da kan malalo fadama ya bar mata danshi da laka ya sake hali. A watan Satumba na 2010 kuwa, da ambaliya ta cinye gadar da ke kai mu mazaunin jami'a na dindindin, har da shinkafarta ta tafi. Abin da ta ce kawai shi ne, wanda ya ba da bara shi zai ba da baɗi.

Batun kyautarta kuwa, kada a ɗauka taushin zuciya ne kawai. Tsari ne mai ƙa'ida. Ranar da aka kawo amfani gida, kafin dami ya shiga rumbu, sai an ware zakka, ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka na abin da aka yi wa ban ruwa da wahala. Bayan wannan akwai kwanon almajiri kullum dare, da ƙwaryar maƙwabciya mai takaba, da gudummawar biki wadda ake ramawa. A garin da babu fansho babu inshora ga talaka, wannan shi ne bankinsu. Takan ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Ina ganin wannan tarbiyya tana da tushe a garin da Nana Asma'u ta aika jajis ƙauyuka suna koyar da mata addini da kula da marasa lafiya da gajiyayyu, tun kafin rasuwarta a 1864.

Kada kuma mu mai da zamaninta aljanna. Cikin 'ya'ya tara da ta haifa, huɗu ba su kai yaye ba, saboda ƙyanda da zazzaɓi. Yayyena mata su suka ɗauki tallar furar da ta biya mini kuɗin littafi, kuma ba wadda ta shiga aji a cikinsu. Sai da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976 autarmu ta sami shiga. Digirin da nake taƙama da shi, da guminsu a ciki.

Yau gari ya cim ma gonar tudun. Dillalan filaye suna ta zarya, magada kuma mun rabu biyu. Wasu na cewa a yanka fuloti a raba kuɗi kowa ya rage zafi, wasu na cewa a bari. Kowa da hujjarsa, don matsin rayuwa ba ƙarya ba ne. Ni dai abin da nake tambaya shi ne, in an sayar, wane rumbu ne zai cika kwanon almajirin nan?

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu neman abin da za su rubuta kundi a kansa. Kowannenku yana ɗauke da waya mai ɗaukar murya a aljihu. In an yi hutu, ku zauna gaban tsofaffin gidanku. Ku tambaye su sunayen yunwa, da farashin mudu, da irin hatsin da aka daina shukawa, da wanda ya taimaki wa a shekarar tsanani. Littattafan Waziri Junaidu suna nan a ajiye, za su jira ku. Kakanninku kuwa ba za su jira ba.