Yadda Takarda Ta Shiga Hanyar Makka

A zamanin kakanninmu, wanda ya ɗaura niyyar Makka ba ya neman izinin kowace gwamnati. Izinin da yake nema na iyayensa ne da na malaminsa, wani lokaci da na sarkin garinsu. Sai ya biya basussukansa, ya yi wasiyya, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara, domin shi da masu rakiyarsa duk sun san ba lallai ne a sake ganawa ba. Guzurinsa ɗan kuɗin da ya tara, da jaki in yana da shi, da sana'ar hannunsa. Wanzami ya ɗauki zabirarsa, mai ɗinki ya ɗauki allurarsa, malami ya rataya gafakarsa, aka bi ayari aka nufi gabas.

Hanyar sananniya ce. Daga Kano a yi Yerwa, a tsallaka Fotlami wadda ake kira Njamena yanzu, a bi ta Abeshe a ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a kai Ubayyid, a gangara bakin kogin Nilu, daga nan sai Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, inda ake neman jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba wai babu shinge ba ne a wancan lokaci. Sarakunan da ake ratsa ƙasarsu suna karɓar kuɗin hanya, akwai 'yan fashi, akwai masu kamun bayi, kuma wasiƙar wani babban malami ko basarake tana iya buɗe wa mutum ƙofa. Amma babu wanda zai tare ka ya ce nuna shaidar kai ɗan wace ƙasa ne. Inda guzuri ya ƙare nan za a yada zango, a yi noma ko ƙodago damina ɗaya ko biyu, a tara abin da ya samu a ƙara gaba. Da haka tafiyar kan ci shekaru, a haifi 'ya'ya a hanya, a binne wasu a hanya.

Zuwan Turawa ya ƙara cika wannan hanya da mutane. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, garin da har gobe ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwan Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, maniyyata daga ƙasar Hausa da Barno suka zama manyan ma'aikatan wurin. Dubbai sun tsaya tsintar auduga don su tara kuɗin jirgi, suka tsufa a can suna cewa baɗi za su ƙarasa.

Ƙanin kakana yana cikin waɗanda suka ƙarasa. Ya bar gida da matarsa yana saurayin magidanci, ya dawo da furfura da 'ya'ya masu jin Larabci fiye da Hausa. Ina yaro na ga takardar da ya dawo da ita, a naɗe cikin tsumma a ƙasan adakarsa. Ta yi laushi don tsufa, da dangwalen babban yatsansa da hatimai iri-iri, wasu da rubutun boko wasu da Larabci. Ya kan ce sai da ya yi nisa ƙwarai a tafiyar kafin wani ya tambaye shi takarda, kuma a Sudan ne aka tsaga masa lambar agana a dantse. Shi mutumin tsakiya ne: ya tashi a bisa tsohuwar al'ada, ya iske sabuwar doka tana jiran sa a bakin teku.

Cuta ce ta fara kawo wannan doka. A 1865 kwalara ta ɓarke a Makka lokacin aikin Hajji, ta kashe dubban alhazai, ta bi masu komawa gida ta shiga Masar, daga can ta haye Turai. Hankalin ƙasashen Turai ya tashi, aka yi babban taron kiwon lafiya a Istanbul a 1866, kuma daga nan aka fara kallon alhaji a matsayin wanda sai an bincika kafin ya wuce. Aka kafa wuraren killace alhazai: tsibirin Kamaran ga masu zuwa daga Indiya da gabas, Ɗur a yankin Sina'i ga masu komawa arewa. Namu mutanen kuwa a Sawakin ake tsare su a duba lafiyarsu.

Shi kansa fasfo mai hoto, wanda muke gani kamar tun fil azal yake, bai daɗe ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sa ƙasashe suka tsananta tambayar takarda a kan iyaka saboda tsoron 'yan leƙen asiri, kuma da yaƙin ya ƙare ba su sassauta ba. A 1920 aka yi taro a Faris ƙarƙashin tsohuwar ƙungiyar ƙasashen duniya, aka amince fasfo ya zama ɗan littafi mai shafi 32 da girma iri ɗaya. Shekaru kaɗan bayan haka Sarki Abdul'aziz ya karɓe Hijaz, a 1932 aka sanya wa daular suna Saudiyya, ita ma ta fara shimfiɗa nata sharuɗɗan shiga.

Turawan da ke mulkin Nijeriya suna da nasu dalilin, kuma ba na lafiya ba ne kaɗai. Ba su manta da boren Satiru na 1906 ba, suna kuma sane da cewa hanyar Makka ta ratsa ƙasar Mahadin Sudan. A ganinsu duk wanda ya yi shekaru a can zai iya dawowa da aƙidar bore. Wannan tsoro ne ya sa suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu, jagoran mabiya Mahadi, a 1923 suka kai shi zaman talala. A shekarun da suka biyo baya suka fito da tsarin fasfon alhazai: maniyyaci ya yi rajista, a ba shi takarda, ya ajiye kuɗin jingina da za a dawo da shi gida da su idan ya tagayyara. A takarda tsarin yana da kyau, domin hakika akwai waɗanda suke maƙalewa a Jidda ba ci ba sha, kuma akwai yaran da aka sayar a can, tunda sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Sai dai talakan da ya fito da niyyar tara kuɗi a hanya, ina zai samo jingina tun daga gida? Da yawa suka kauce wa ofisoshi, suka bi ta Musawwa a ƙasar Eritiriya ko wasu lunguna na gaɓar teku, suka shiga ƙananan jiragen iska cikin dare. Wasu sun isa, wasu teku ta ci su. A wannan zamanin ne kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi nasa Hajjin a 1921, ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Tun daga farko takarda ta fi sauƙi ga mai hali.

Mota da jirgin sama suka zo suka gajarta tafiyar. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu da Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, suka fara da manyan motoci, daga baya aka koma jirgin sama daga Kano. Shi jirgin sama ba a hawansa sai da fasfo da biza da katin rigakafi, don haka hidimar takardu ta zama aikin hukuma. A 1953 Alhaji Abubakar Imam ya kawo shawara a majalisar wakilai a Legas cewa a buɗe ofishin kula da alhazan Nijeriya a Jidda, kuma Malam Abubakar Gumi ya riƙe wannan aiki a can tun kafin samun 'yancin kai. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa. Kuɗin mai ya shigo, a 1977 alhazan Nijeriya suka haura 100,000. Hukumar da ke aikin yanzu, NAHCON, dokar 2006 ce ta kafa ta.

Ƙayyade adadi kuwa ya zo ne bayan tarzomar Makka ta 1987, wadda mutum fiye da 400 suka mutu a cikinta. A 1988 ministocin ƙasashen Musulmi suka zauna a Amman suka amince kowace ƙasa ta riƙa turo alhaji 1,000 a kan kowane Musulmi miliyan ɗaya. Daga nan Hajji ya zama kujera, abin da ake rabawa jiha-jiha da ƙaramar hukuma. Rabon Nijeriya daga 2023 zuwa 2025 kujera 95,000 ne.

Kowane sharaɗi da maniyyaci ke cikawa a yau, idan ka bi sawunsa za ka iske wata musiba ce ta haife shi. Allurar sanƙarau ta zama dole bayan cutar ta bi alhazai a 1987. A 1996, shekarar da sanƙarau ya yi mana mummunar ɓarna a Arewa, Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga, mutane suka yi ta zaman jira a sansani da jakunkunansu a ɗaure, daga ƙarshe suka koma gida. Na san wani dattijo a unguwarmu da ya sayar da gonarsa a wannan shekara, bai kuma kai ga wata shekarar ba. Bayan da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, sai aka wayi gari ana ɗiga wa tsofaffi masu furfura maganin a baki a filin jirgin Jidda. Allurar shawara ma tana nan a kan katin. A Satumba 2012 aka tsare mata 'yan Nijeriya fiye da 1,000 a Jidda da Madina saboda rashin muharrami, aka dawo da da yawa daga cikinsu da ihraminsu a jaka. Wannan abu ya yi mini ciwo har yau, domin matan nan ba su ɓoye komai ba, da bizarsu a fasfo suka sauka. Shekara goma bayan haka Saudiyya da kanta ta janye sharaɗin. A 2020 da 2021 kuwa annobar korona ta rufe ƙofar gaba ɗaya ga duk wanda ke wajen ƙasar.

Yanzu maniyyaci na buƙatar fasfon ƙasa da ƙasa mai sauran wa'adi, domin Saudiyya ta daina karɓar fasfon alhazai na musamman tun 2009. Zai biya kuɗin kujera ta hukumar jiharsa ko ta kamfanin jirgin yawo mai lasisi, a ɗauki hoton yatsunsa, a yi masa allurai, biza ta fito ta intanet, sannan a can a rataya masa katin Nusuk wanda askarawa ke dubawa a hanyoyin shiga Makka. Awa biyar ko shida a sama ta maye gurbin shekarun ƙanin kakana. Ba na cikin masu kukan a dawo da tsohuwar hanya. Ta ci rayuka da ba a ƙirga ba, kuma ko da an buɗe ta yau, Janaina da Fashir suna cikin yaƙin da ya tashi a Sudan tun Afrilu 2023.

Abin da ke damuna shi ne wanda aka bari a baya. A da talaka yana biyan kuɗin Makka da ƙarfinsa da shekarunsa. Yanzu sai da kuɗi a dunƙule, kuma a 2025 kujera ta haura naira miliyan 8. Wannan giɓi ne 'yan damfara suke shiga. Su samo wa mutum bizar ziyara ko ta Umara, su ce masa ya laɓe a Makka har lokacin Arfa, alhali sun san waɗannan bizoji ba su halatta aikin Hajji ba. Wanda ya bi ta nan ba shi da tanti a Mina, ba shi da motar hukuma, yana tsoron zuwa asibiti kada a kama shi. A Hajjin 2024, da zafi ya tsananta, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin Hajji. Jiragen daren Musawwa ne suka dawo da wata kama, kuma waɗanda suke hawa su ne dai irin mutanen da suka hau na farko.

Hukumomin alhazai na tarayya da na jihohi su ɗauki tsarin adashin gata da gaske, yadda manomi da mai sayar da ƙosai za su riƙa zuba kaɗan-kaɗan na shekaru ba tare da faɗuwar naira ta cinye musu ajiya ba, kuma a daina raba kujeru a matsayin kyautar siyasa. Malamai su faɗa wa jama'a a kan mumbari cewa Hajji bai wajaba a kan wanda bai sami iko ba. Kai kuma ɗan'uwa mai niyya, kafin ka miƙa wa kowa fasfonka da kuɗin gonarka, ka je ofishin hukumar alhazai ta jiharka ka tambaya ko kamfanin yana da lasisi, kuma idan bizar ta fito ka sa wanda ya iya karatu ya duba maka ko ta Hajji ce.