Jan-baki da Dokar Kare Tsuntsaye a Arewacin Nijeriya: Waiwaye Kan Tarihi

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a nuna yadda hukuma ta daɗe tana riƙe da aiki biyu masu karo da juna game da tsuntsaye, wato kashe masu ɓarna da kuma kare sauran.

Yaƙi da Jan-baki

Tun kaka da kakanni manoman Borno da Haɗeja suke fama da jan-baki, tsuntsun nan da kan sauka dubbai a kan gero da dawa da shinkafa. A da, yara ake ɗorawa bisa rumfa a tsakiyar gona, suna ihu, suna kaɗa gwangwani, suna jifa da majajjawa. Korar tsuntsun kawai ake yi. Daga baya hukuma ta shigo da feshin guba ta jirgin sama, musamman fenthion, a wuraren da yake kwana da inda yake sheƙa. A shekarar 1965 wasu ƙasashe, ciki har da Nijar da Cadi, suka kafa ƙungiyar OCLALAV don yaƙar fari da tsuntsaye. A wannan shekara kuma Peter Ward ya buga sakamakon bincikensa a yankin Tafkin Cadi, inda ya nuna cewa ainihin abincin jan-baki ƙwayar ciyawar daji ne.

Matsayin Doka

Dokar kare namun daji ta Turawan mulki ta fito a 1916. Jihar Arewa ta yi tata a 1963, sannan gwamnatin soja ta kafa Doka ta 11 a 1985, wadda ta taƙaita farauta da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Dukkansu mafarauci da ɗan kasuwa suka sa a gaba. Amma gubar da ake fesawa ba ta tantance tsuntsu: shaho ko shirwar da ta ci gawar jan-baki ita ma tana iya mutuwa.

Akwai kuma hannun ɗan Adam a cikin matsalar. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya a fadamun Haɗeja da Nguru, kacala ta mamaye su, ta zame wa jan-baki mafaka. Fadamun nan su ne masaukin tsuntsaye masu ƙaura daga Turai, har aka sa wani sashensu cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000.

Kammalawa

Shekaru da dama na feshi ba su raba manomi da jan-baki ba, alhali gauraka, wadda ba ta yi wa kowa irin wannan ɓarna ba, ta yi wuyar gani a ƙasar nan. Saboda haka muna ganin wajibi ne a taƙaita feshi ga garken da ke dab da gonaki, a dage da share kacala, a kuma sa ma'aikatan gona da na gandun daji su zauna tare kafin jirgi ya tashi.